Babban Kemis Ya Zo da Alli

Ban taɓa mantawa da ranar da bakina ya tara wa makarantarmu marasa lafiya ba. Lokacin ina ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje a wata sakandare a Bodinga, zamanin farar hula na biyu, bayan an shiga tsuke bakin aljihu. Aikina wanke kwalabe da jera sinadarai kafin darasi. Sinadaran sun ƙare, ba a sake kawowa ba, ga shi ana rage ma'aikata. Firinsifal har ya fara tambaya ko me nake wankewa.

Ana haka Malam Garba, mai koyar da ilimin sinadarai, ya gayyato malaminsa na jami'a, Dokta Sambo, ya yi wa 'yan aji biyar lacca. Ya ce mini mutumin babban kemis ne, ana karanta rubuce-rubucensa har ƙasashen waje, ɗalibansa ma sun zama malaman jami'a. Ni kuwa kalma biyu na riƙe: dokta da kemis. A wurinmu kemis ai shagon magani ne. Ranar kasuwar Shagari na zauna rumfar wani tela abokina, na baza labari cewa babban likita na tafe da magunguna, kuma ni ne na hannun damansa.

Ranar laccar, tun da hantsi bakin ƙofar makaranta ya cika da marasa lafiya. Har daga Dandin Mahe da Lambara, wasu a kan jakai, kusan kowa da ƙullin albasa na gaisuwa. Firinsifal ya kira ni.

"Umaru, mi na wanga?"

"Ranka shi daɗe, baƙin Dokta na."

"In Dokta ya ji kunya, yau za ka aje makulli."

Dokta ya fito daga mota ba ya riƙe da komai sai kwalin alli. Da Malam Garba ya raɗa masa abin da ya faru, ya yi dariya har da dafa mota. Sannan ya cire hula ya rusuna wa jama'a.

"Iyayena, ku gafarce ni, ko allura ban iya ba. Aikina lissafi, in gano yadda ƙwayoyin da ido ba ya gani suke riƙe juna."

Wata tsohuwa daga Lambara ta ce, "To ɗana, kemis ɗin da babu kwalba, mi kaka saidawa?"

"Alli, Inna."

Ya sa direbansa ya yi ta kai masu jin jiki asibiti. Sai ya dubi albasar, ya ce in kawo tsintsiya. Ya soka tsinke biyu a jikin babbar albasa, ya maƙala ƙanana a bakinsu, ya ɗaga sama.

"Wannan shi ne ruwa, haka siffar ƙwayarsa take."

Wani ɗan kasuwa ya ce, "Wallahi Dokta wanga tsire na!"

Wuri ya kaure da dariya, har Firinsifal sai da ya juya baya. Dokta bai shiga aji ba. Nan ƙarƙashin bishiya aka jingina allo, ɗalibai a gaba, dattawa a baya. Ni aka sa soke-soke. Na haɗa tawa a miƙe sambal, ya ce, "Karkata su, Malam Umaru. In sun miƙe ba ruwa ba ne. Kan irin wannan karkatar na yi furfura."

Da zai tafi ya ce wa Firinsifal albasa ruɓewa take, a samu mai mulmula waɗannan da yumɓu, a koyar da su tunda babu sinadarai. Firinsifal ya harare ni ya daɗe, sannan ya ce, "Gobe ka zo da laka."

Haka na tsira da aikina, na zama maginin siffofin ƙwayoyin sinadarai har na yi ritaya. Tsohuwar nan kuwa na je har Lambara na roƙe ta gafara, don ta sha tafiya da ciwon gwiwa saboda surutuna. Ta yafe, amma sai da ta zage ni tas.

Ku da kuke aikin yanzu, ku sani masu ilimi iri-iri ne, wani ɗakin gwajinsa duk a cikin kansa yake. In kun ji kalma a bakinsu, ku tambayi ma'anarta tun a ofis, kafin ku kai ta kasuwa.