Ulfa Lawal da Ulfa Sada

A Kusada aka haifi Ulfa, gidan Malam Sada mai makarantar Islamiyya, amma ko magana ba ta gama iyawa ba aka ɗauke ta. Ita ce 'yar fari. Ranar yaye yayar Malam, Goggo Iyatu, ta zo daga Maraɗi ta goya ta, wai za ta kai ta yaye. Kowa ya san ba yaye ba ne. Iyatu ta daɗe a ɗakin Alhaji Lawal mai atamfa, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Malam ya dubi yayarshi ya ce, "Na ba ki duniya da lahira." Matarshi Safiyya tana ƙuryar ɗaki ba ta ce uffan ba, wai kunyar ɗan fari. Kunya dai! Mutanenmu sai ciki ya ƙone su suna murmushi.

Haka Ulfa ta tashi a Maraɗi tana ce ma Iyatu Iya, tana ce ma Alhaji Baba. Uban da ya haife ta kuwa Kawu ne, mai aiko gero da kaka. Da lokacin sa ta lakwal, wato makarantar boko, ya yi, aka ce sai da takardar haihuwa. Alhaji ya ja abokanshi biyu suka yi shaida, aka rubuta: Ulfa Lawal, an haife ta Maraɗi, uwa Iyatu. To me zai rubuta da? Ya tsaya gaban ma'aikaci ya ce yarinyar da ke barci a kan cinyarshi ba tashi ba ce? Shi a wurinshi mutunci ya yi.

Ba wai Ulfa ba ta sani ba. Tana 'yar firamare wata mai baƙin baki ta yaɓa mata a bakin famfo, ta ce, "Ke da aka aro daga Najeriya." Ta dawo gida da niyyar tambaya, ta tarar Iya na fifita mata kunu. Ta dubi fuskarta, ta haɗiye tambayar tare da kunun. Tun daga nan kowa ya san kowa ya sani, kuma ba mai faɗa.

Makarantar faranko-arab ta yi, rabi Faransanci rabi Larabci. Ba wata mai ƙwaƙwalwar a zo a gani ba ce, naci ne da ita. Bak, jarabawar da ake gama sakandare da ita a Nijar, sai da ta kayar da ita karo na farko. Ta yi kuka kamar an yi mutuwa, ta share ido ta sake zama. Iya ko harafi ɗaya ba ta iya ba, amma in Ulfa na karatu sai ta jawo tabarma ta zauna kusa tana tsinkar zogale, tana korar yaran maƙwabta. "Ku tahi can, ɗiyata na karatu." A karo na biyu ta ci.

Shekarar nan Alhaji ya rasu. Iya na fita takaba 'yan'uwanshi suka raba gida, ta karɓi abin da ya zo hannunta, ta kwaso kwanukanta da Ulfa suka dawo Kusada. Malam ya ba su ɗakin da ke kusa da rumbu.

Zaman gidan nan wani iri ne, wallahi. Safiyya ba ta kiran sunanta, sai "ke" ko "yarinyar Goggo". Amma duk naman da ya fi tsoka a kwanon Ulfa ake samun shi, ba a san wa ya sa ba. Ƙannenta na kiranta Yaya 'yar Faransa, suna sa ta ƙirga awaki da Faransanci suna faɗuwa don dariya. Malam in ta gaishe shi, bango yake amsa mawa.

Ita dai burinta ɗaya, ta shiga jami'a ta karanta Faransanci ta zama malama. Akwai ɗan baffanta Mudassir, mai shagon kwamfuta a Kankia, irin mutanen nan da komai sun sani. Ya juya takardunta ya ce, "Kai! Da wannan bak ɗin ba sai kin zana jarabawar shiga ba, za a iya yafe maki shekarar farko, aji biyu kai tsaye. A fassara su zuwa Turanci, a kai Abuja ma'aikatar ilimi ta auna ta ce daidai suke da namu, shi ke nan. Amma fara yin katin ɗan ƙasa da takardar ƙaramar hukuma."

Nan aka yi kwaɓar. Takardar ƙaramar hukuma sai dagaci ya shaida, shi kuwa dagaci ya ci naman sunanta. Ya ce, "Wannan ai ɗiyar Malam Sada ce, a gabana aka raɗa mata suna." Aka rubuta Ulfa Sada, Kusada. Katin ma haka, har da hoton yatsunta. Duk gidan ba wanda ya ga matsala, har Mudassir mai kwamfuta. Ai duk gaskiya ne.

Ranar da suka je ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar da take so, wata mata mai tabarau ta baje takardun gida biyu a kan tebur.

"Wace ce Ulfa Lawal?"

"Ni ce."

"Ulfa Sada fa?"

"Ni ce."

"Ikon Allah. Uba biyu gare ki, kuma gari biyu aka haife ki?"

Mudassir ya fara zuba, "Hajiya, ai riƙo ne, kin san al'adarmu..."

"Na san riƙo, ni ma riƙona aka yi. Amma kwamfuta ba a riƙe ta ba." Ta cire tabarau ta dubi Ulfa. "'Yan mata, ba mugunta ba ce. Mutane na kawo mana takardun wasu daga ƙetare su ce nasu ne. Ko Abuja kika kai haka, abin da za su tambaya ke nan. Ki je kotu, mahaifinki ya rantse shi ya haife ki, matar da aka rubuta a nan ta rantse ba ita ta haife ki ba, riƙo ta yi. Ki yi sauri kafin a rufe karɓa."

A mota Ulfa ta yi ta juya maganar. Iya ta tsaya gaban mutane ta ce ba ita ta haife ta ba? Matar da ko a asibiti aka tambaye ta haihuwa nawa sai ta ɗaga yatsa ɗaya?

"Ba wata hanya?" ta ce.

"Akwai. Ki ajiye bak ɗin a ƙasan akwati, ki koma ki zana jarabawar sakandare ta nan da Turanci, da sunan Sada."

"Turancin da ban wuce gaisuwa ba?"

"To kin ji."

Suka fara da Malam, bayan la'asar, a zaure. Mudassir ya durƙusa ya yi bayani, Ulfa na raɓe a bakin ƙofa. Malam ya saurara har ƙarshe yana jan carbi.

"Wato ni in tsaya gaban hukuma in ce abin da na bayar na karɓe."

"Baffa, ba karɓewa ba ce, takarda ce kawai."

"A wurinku. Iyatu mijinta ya tahi, gidanta ya tahi. Abu ɗaya ya rage mata, shi za ku ce in je in sa hannu? Yarinyar ta zauna ta koyar a nan, ga 'yan aji uku ba su da malama."

Ulfa ba ta san lokacin da baki ya kubce mata ba. "Kawu, duk wahalar da na sha fa?"

Bai dube ta ba. Ya ce ma Mudassir, "Ka gaida babanka."

Ulfa ta shiga rama. Abinci sai ta jagwalgwala ta ture. Iya ta tambaya, ta ce ciwon kai. Iya ta jiƙa mata magani, ta shanye, ɗaci har wuya, don dai kar a sake tambaya. Kullum Mudassir sai ya kira ya ce lokaci na tafiya. In ta dubi Iya na ninke mata kaya sai ta ce a ranta ta haƙura da jami'ar. In ta ji yaran Islamiyya na rera karatu ta bayan katanga, ta tuna nan za ta ƙare, sai ta ji kamar ta fasa ihu. Ba ta iya zaɓa ba. Haushin kanta ma ya fi na kowa.

Safiyya ce ta fasa. Wata hantsi suna sussukar gero ita da Iyatu, Ulfa na kwance a ɗaki tana jin su. Taɓarya ɗaya ta tsaya.

"Goggo, yarinyarki za ta rasa makaranta."

Ta faɗa mata duka. Ɗaya taɓaryar ma ta tsaya. Kaji suka zo suna cin geron.

"Kin daɗe kina jiran ranar ga, Safiyya."

"Wallahi Goggo, ba haka..."

"Ban ga laifinki ba. Kore kajin can."

Washegari da safe Iyatu ta ɗauko leshinta na zuwa biki, ta sa kwalli, ta yafa babban mayafi. Ta tsaya bakin zaure gaban ɗalibai ta ce, "Sada, tashi ka sa rigarka." Duk Kusada ita kaɗai ke kiranshi haka gatsal. Ya buɗe baki, ta ce, "Ni na goya ka. Tashi."

Kotun a Kankia cike take, masu rikicin gona, masu rikicin aure, kowa kunne a buɗe. Magatakardan wani saurayi ne mai ƙaton agogo, kuma ba ya iya magana a hankali.

"Malam, wa ka haifa?"

"Ita wannan."

"Suna nake so."

Malam ya dubi silin, ya dubi takalminshi. Ya ce, "Ulfa." Ulfa ba ta taɓa jin sunanta a bakinshi ba. Ta ɗauka za ta ji daɗi. Tsigar jikinta ce kawai ta tashi.

"Hajiya, ke ce Iyatu da aka rubuta a takardar Maraɗi?"

"Ni ce."

"Ke kika haife ta?"

"A'a."

"Ɗaga murya, Hajiya, ana surutu."

"Ban haife ta ba. Ba ni ita aka yi."

Wata tsohuwa a kan benci ta ce, "Allah sarki." Shi kuma sakaran, maimakon ya rufe bakinshi ya buga hatimi, sai ya ce, "To naki na cikinki su nawa ne?"

"Rubuta abin da aka sa ka, ɗan nan," in ji Iyatu. Ta miƙa babban yatsa aka shafa mashi tawada, ta danna. A hanyar dawowa tana ta goge yatsan da bakin mayafi. Ulfa ta kama hannunta, ta bar mata shi, amma ba ta riƙe nata ba.

Takardu suka je Abuja suka dawo, an yarda da bak. Jami'a ta ɗauke ta, aji biyu kai tsaye kamar yadda Mudassir ya ce, har yana yawo yana faɗin aikinshi ne. Iya ce ta yi mata duk shirin tafiya, yaji, garin kunu, ƙuli-ƙuli, dambun nama, ta ɗaure komai a leda. Ta raka ta har bakin mota ta ce, "Ki yi karatu." Ba ta yi kuka ba, Ulfa ce ta yi na su biyu.

Ba a yi nisa da fara karatu ba Mudassir ya kira ya ce Goggo ta kwashe kayanta ta koma Rimaye, wurin Hawwa'u, ƙanwarsu ita da Malam. Wai ɗakin ya fi dacewa da yaran Safiyya, sun girma. Malam ya bi ta har can ya roƙa, ta ce mashi lafiya lau, iskar Rimaye ta fi. In Ulfa ta kira ta sai ta amsa da fara'a, ta tambayi abinci, ta tambayi sanyi, ta ce katin Ulfa zai ƙare, ta kashe.

Hutun farko Ulfa ta sauka tashar Kankia da jakarta. Masu lodi na ta kira, "Kusada! Kusada mutum ɗaya!" Ta wuce su ta nemi mai zuwa Rimaye.

Ta samu Iya a tsakar gidan Hawwa'u tana ɓarar gyaɗa, ta faɗa sosai. Ulfa ta yar da jaka ta nufe ta za ta faɗa jikinta. Iya ta riga ta miƙewa, ta shiga ɗaki ta ɗauko sabuwar tabarma ta shimfiɗa mata, ta kawo ruwa a kofin baƙi.

"Sannu da hanya. Ya karatu?"

"Iya, mene ne haka?"

"Kin je Kusada?"

"Nan na fara zuwa."

"Ba a haka. Sha ruwa ki tashi tun da sauran rana, ki je ki gaida iyayenki. In kin kwana biyu kya leƙo."

"Iya, don Allah."

"Hawwa'u, leƙa ki gani ko mai mashin ɗin da ya kawo ta bai tahi ba."

Bai tafi ba, yana gindin bedi yana shan rake. Iya da kanta ta ɗauki jakar ta kai mashi, ta ce ya bi a hankali, hanyar akwai yashi.