Fada Prodip Corraya da Jami'ar da Kogi Ke Ci

Ranar Talata, 8 ga Agustan 2023, wajen ƙarfe goma na safe, ina tsaka da darasi sai na ji ƙararrawar majami'a tana bugawa ɗai-ɗai, ba irin bugun tashi daga aji ba. Ɗalibai suka zuba mini ido. Ban jira an zo an faɗa mini ba, na ajiye alli na zauna. Fada Prodip Corraya, shugaban Jami'ar Waliyyi Barnaba ta Kashimpara, ka rasu kana da shekara tamanin da ɗaya, a ɗakin nan naka mai taga ɗaya da ke kallon kogin Meghna.

Ni ce Shamsunnahar, malamar tarihi, wadda ba ka taɓa kira da sunanta ba sai dai "Ma", yadda dattawanmu ke kiran 'ya'yansu mata. Shekara talatin da bakwai na san ka. Shekara goma da suka wuce muka fara rubuta tarihin wannan makaranta tare.

Kai ka ba ni labarin farkonta. A 1928 fada uku, limaman coci na ƙungiyarku, suka sauka a gaɓar nan daga jirgin dakon rama, da akwatin littattafai biyu da ƙararrawa. Kafin shekara ta zagayo kwalara ta ɗauki ɗaya. Sauran biyun suka kafa rumfar kwano, suka riƙa bin masunta gida-gida suna roƙon a ba su yara su koya musu karatu. Rumfar ta zama makaranta, makarantar ta zama kwaleji a 1954. Kai kuma ka zo daga ƙauyenku na arewa a 1960, ɗan mai dafa abinci, da riga ɗaya da tabarma. Ba ka sake barin wurin ba. A hannunka ta zama jami'a, har ɗalibanta suka haura dubu uku.

Abin da ka ƙi yarda mu saka a littafin shi ne naka aikin, don haka zan faɗe shi a nan, tunda yanzu ba ka da ikon hana ni.

A shekarar yaƙi, 1971, kana sabon fada, sojoji suka shigo gari suna neman 'yan Hindu. Malamin lissafi, Nityananda Saha, ɗan Hindu da muke kira Babu Saha don girmamawa, ya faɗo ofishinka. Ka ciro farar rigarka ta biyu ka zura masa. Shi da kansa ya ba ni labarin, yana dariya yana share hawaye.

"Fada, ni da ko Amin ban iya ba?"

"Sunkuyar da kai ka yi ta motsa baki. In abin faɗa ya ƙare maka, karanta bakwai sau bakwai."

Sojojin suka leƙo, suka ga fada biyu a durƙushe, suka wuce. Wata takwas ya yi a cikin rigar nan da ko ƙwaurinsa ba ta rufe ba. Da an gane, ku biyun za a harbe a bakin kogi, kuma ka san da haka. Har ya mutu ba ka daina tsokanarsa ba: "Fada Saha, yaushe za ka yi mana wa'azi?"

Ni kuma a 1986 na ci jarrabawar shiga kwalejin, Abbana ya ce ba inda za ni. Ka tako da ƙafa cikin taɓo har inda yake sassaƙa kwale-kwale. Ina bayan ƙofa ina jin ku.

"Kun gama da 'ya'yan masunta, yanzu tawa kuke so ku mayar Kirista?"

"Haba, Kashem-bhai, ɗan'uwana! Shekara hamsin da takwas muna garin nan, Kiristoci ba su ƙaru da ko gida goma ba. Da wannan ce sana'armu, ai da tuni an kore mu."

Abba ya yi dariya har ya yar da gizagonsa, ya ce a kawo maka shayi. Mako biyu bayan na fara karatu, ka ga muna salla a baranda ruwan sama na feso mana. Washegari ka kwashe kayan ofishinka ka ba mu ɗakin, ka koma aiki a lungun ɗakin karatu. Shekara shida ka yi a lungun nan. Ban taɓa jin ka ambaci maganar ba.

Sai kogi ya juyo kanmu. A 2015 ya ci filin ƙwallo. Bayan shekara uku ya ci ɗakin kwanan ɗalibai mata, da rana tsaka, muna tsaye muna kallon ginin yana zamewa kamar an ja shi da igiya. Allah Ya sa ka kwashe su kwana huɗu kafin nan, duk da ana cewa tsufa ne ya sa ka tsoro. Ka yi ta safa da marwa zuwa babban birni, daga wannan ofis zuwa wancan. Aka zo aka auna, aka ɗauki hoto, aka jibge buhunan yashi. Damina ɗaya ta tafi da su. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu, kuma ba ka ga laifinsu ba, domin gonakinsu ma suna cikin ruwa. Malamai masu ƙuruciya suka bi su. Wanda duk ya zo sallama, kai kake rubuta masa takardar shaida mai kyau da hannunka.

Ƙungiyarku ma ta tsufa tare da kai. Shekara goma sha huɗu ke nan rabon da wani saurayi ya ƙwanƙwasa ƙofarku yana son shiga. Ku uku kuka rage a gidan: kai, da Fada Bimal da idonsa ya tafi, da Fada Gabriel da ba ya tashi daga gado.

A 2021 ruwa ya iso makabarta. Ka ƙi barin leburori su taɓa kaburburan fadan nan uku da suka fara sauka a gaɓar nan. Ka ɗaura zane, ka shiga ramin da kanka, kana da shekara saba'in da tara, ka tsince ƙasusuwansu kana naɗewa a farin ƙyalle. Masunta suka taya ka ɗauka zuwa bayan majami'a. Da ka fito, taɓo har ƙirji, ka ce da ni, "Ma, in na mutu kada ku binne ni a nan. Ba na so a wahalar da kowa sau biyu." Tun daga ranar ban sake ganin ka buɗe littafinmu ba.

A watan Mayun bana wasiƙa ta zo daga shugabannin ƙungiyarku: ba za a ɗauki sababbin ɗalibai ba, ɗari huɗun da suka rage za a rarraba su wasu makarantu idan shekara ta ƙare. Ka tara mu ka karanta mana da kanka. Bayan kowa ya watse ka miƙo mini takardun littafin a ɗaure da zare.

"Ke ce malamar tarihi. Rubuta ƙarshen."

"Ai ba ƙarshe ba ne, Fada. Saura shekara biyar mu yi bikin cika ɗari."

"Ma, kada ki yi mini ƙarya. Ba ki iya ba, tun kina ɗaliba."

Gaskiyarka. Jiya na auna da ƙafata: taku arba'in da biyu ne tsakanin bangon majami'a da ruwa, kuma damina ba ta ƙare ba. Ba za mu ga shekara ɗari ba. Nan da ɗan lokaci mai kwale-kwale zai jefa tarunsa a daidai inda ka koyar da kakansa, bai sani ba. Na so in rubuta cewa aikinka zai ɗore a cikin ɗalibanka, amma sun watse, wasu a masaƙun babban birni, wasu a ƙasashen Larabawa suna dakon bulo, kuma ƙauyukan da suka fito babu su. Ba zan ce maka abin da ban yarda da shi ba.

Ranar Laraba yayarka, Shefali-didi, ta zo da jirgi ta ɗauke ka zuwa ƙauyenku. Gaɓa ta cika da mutane, Musulmi da 'yan Hindu sun ninka Kiristoci sau goma. Ba wanda ya yi jawabi. Fada Bimal ya riƙe hannuna yana ta tambaya, "Jirgin ya sha kwana? Ya sha kwana?" Na ce masa bai sha ba, har sai da na daina hango shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Shefali-didi da 'ya'yanta da jikokinta, ga Fada Bimal da Fada Gabriel, ga iyalan Babu Saha da suka zo tun daga Khulna, da ɗalibanmu duk inda rayuwa ta jefa su. Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi da na wanda ke tafe.

Kai kuma, Fada, ban san kalmomin addu'arku ba, da nawa zan yi. Ubangijin da Ya ga abin da ka yi wa bayinSa, ba tare da ka tambayi addinin kowa ba, Ya dube ka da idon rahama, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa ka huta. Gobe da ƙarfe takwas ina da darasi da ɗalibai goma sha ɗaya. Zan je.