Minti Ukun Madam Ramatu

Talata: Dakoro zuwa Maraɗi

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito gida, jaka ɗaya a kafaɗa ɗaya a hannu. Mai ɗakina ta rako ni har ƙofa tana jaddada mini kar in cire rigar sanyi ko da an ce zafi ake yi, don ita ba ta yarda da zafin Turawa ba. A tasha na tarar da Malam Illa, Mushe Illa a bakinmu, sakataren sandikarmu, wato ƙungiyar malaman lakwal ko makaranta, riƙe da wani ambulan mai kauri.

Abin da ke cikin ambulan ɗin kusan dukanku kun san shi, amma bari in maimaita saboda sababbin shiga. Madam Ramatu malama ce ƴar kwantiragi a wani ƙauye na Mai Yara. Bangon ajinta ya tsage har hannu na shiga, ta rubuta takarda sau uku ba amsa, sai ta kwashe yara zuwa gindin gawo, ta kuma sa malaman ƙauyen suka ajiye alli kwana biyu. Aka soke sunanta. Wata huɗu ke nan tana zaune gida da ƴaƴa huɗu, duk ƙofar da muka ƙwanƙwasa ba a buɗe ba. Ana cikin haka wata sandikar ma'aikata ta ƙasar Beljik ta gayyaci mutum ɗaya daga cikinmu zuwa babban taronta. Ni aka zaɓa, ba don na fi kowa sanin doka ba, sai don shekara goma sha ɗaya ina shirya teyatur, wato wasan kwaikwayo, da ƴan lakwal, kowa ya shaida bakina ba ya mutuwa a gaban jama'a.

Mushe Illa ya damƙa mini ambulan ya ce, "Kamarad, ba yawon buɗe ido munka aike ka ba. Takarda guda muke so, da hatiminsu. In daga waje ta hito, na sama za su karanta ta."

Na ce ya kwantar da hankalinsa. Da alfahari ma na faɗa, Allah ya yafe mini.

Mun ɗaga biyar da kwata, jika uku kuɗin mota. A shingen jandarmomi na Kornaka aka duba katin kowa. Direba ya shaƙi warin cukun da na ɗauko tsaraba ya ce, "Mushe, mi za ka yi da cuku a garin masu cuku?" Kilomita ɗari da ashirin da wani abu, mun shiga Maraɗi takwas saura. Na sauka gidan ƙanena a unguwar Zariya, na wuni ina haddace jawabina.

Laraba da Alhamis: Yamai, Kazablanka, Burusel

Babbar kar, wato bas, ta tashi daga Maraɗi ƙarfe biyar. Na sayi kilishi a Madawa, muka yi azahar da la'asar a Dogon Dutsi, na ci dambu da zogale a Doso. Kilomita ɗari shida da sittin, sai bayan magariba muka ga fitilun Yamai, ƙafafuna sun kumbura sun cika takalmi. Jirgi ya tashi kafin asuba, muka sauya wani a Kazablanka, ƙarfe huɗu na yamma na taka Burusel.

A nan cukuna ya gamu da ajalinsa. Wani ɗan duwan, ɗan kwastan ke nan, ya ɗaga fefe ɗaya ya haska shi da fitila, ya ce abin nono ba ya shiga ƙasarsu. Na ce busasshe ne, ya ce ai shi ma ya gani. Ina kallo ya zuba shi cikin kwandon shara.

Wadda ta tarbe ni Madam Odil ce, malamar lakwal da ta yi ritaya, ita sandika ta ɗora wa kula da baƙin Afirka. Doguwa ce, tana tafiya kamar an biyo ta. Gaisuwarmu duka ba ta kai taku biyar ba. Ta kai ni wani ƙaramin otel kusa da tashar jirgin ƙasa, inda kofin shayi yuro uku ne, kuma ba suga sai ka roƙa.

Juma'a: ranar da na ji kunya

Da safe ta ce mini kowane baƙo minti uku ne. Na ce to. A raina na ɗauka irin minti ukun taronmu ne, wanda mai magana ke ja har shugaban zama ya yi gyaran murya sau biyu, sannan ya ce "a taƙaice" ya ƙara wasu goma.

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin aka kira Nijar. Na hau da babbar rigata ta shadda. Wa zai zo garin mutane da buƙata ya fara da buƙatar? Na gai da shugabar zama da mataimakanta, kowa da muƙaminsa. Na gai da baƙin sauran ƙasashe. Na isar da gaisuwar sandikarmu ta ƙasa, da ta jihar Maraɗi, da ta Dakoro. Na gode wa wanda ya sayi tikiti da wadda ta tarbe ni. Wata jar fitila ta kama a gabana, na ɗauka ado ce. Na ja numfashi na ce, "To, abin da ke tafe da ni," sai na ji muryata ta dawo ƙarama. An kashe mikoro.

Suka yi ta tafi, da gaske kuwa, har wasu na miƙewa. Na sauko da ambulan a hannu ban ko buɗe shi ba. Da rana aka raba takardar abin da baƙi suka nema: wannan ƙasa tana son a sako wani, waccan tana son a aika wakilai. Gaban sunan Nijar an rubuta kalma ɗaya, gaisuwa. Ban iya cin abincin rana ba.

Za ku ce me ya hana ni miƙa wa Madam Odil ambulan ɗin. Na yi niyya ya fi sau goma. Amma a gida baƙo ba ya tarar mai masauki da buƙata, jira yake a ba shi ruwa, ya huta, a ce masa "lafiya dai?" Na yi ta jiran wannan tambaya. Ita kuwa ta ɗauka na yi abin da ya kawo ni, har tana yaba mini iya magana.

Asabar: teyatur ɗinsu

Ba zama da yamma, sai aka kai baƙi kallon teyatur ƙarfe uku. Da wata rana ce da na fi kowa murna. Mutum biyu ne kacal a dandali, miji da mata, da tebur da kujera ɗaya. Awa biyu suna gaya wa juna baƙaƙen maganganu a hankali, ba maƙwabcin da ya leƙo ya raba su, ba tsohuwar da ta shigo ta ba kowa rashin gaskiya. Ƴan kallo kuwa ko tari sai mutum ya danne.

Ra'ayina, ku ɗauka ko ku bari: sun fi mu horo, mun fi su rai. A filin gidan samari na Dakoro, in mugu ya fito mata ke tsine masa tun daga baya, shi kuma ya juyo ya rama, wasa ya ƙara daɗi. Amma dole in faɗi gaskiya, ba kalma ɗaya da ta faɗi banza a bakin mutanen nan biyu. Mu kuwa mukan yi rabin awa muna sallama da shimfiɗa tabarma kafin ɗan kallo ya san rigimar gona ce ko ta gado. Ina zaune cikin duhu ina jin kamar da ni ake.

Lahadi: bale

Ƙarfe biyu da rabi Madam Odil ta kai mu kallon bale, wata rawar Turawa, a wani tsohon gini mai hawa huɗu na kujeru, ko'ina jan ƙyalle da ruwan zinariya. Da labule ya buɗe na sunkuyar da kai, don wandon mazan ya matse har ba a cewa komai, matan kuma ƴan siket ne a tsaye kamar faifai. Na yi istigfari na ɗago ido ɗaya, daga baya na ɗago na biyun.

Ba ganga, ba kirari, ba mai cewa uffan. Mata ashirin da huɗu na ƙirga, a kan ƴan yatsun ƙafa, in ɗaya ta ɗaga hannu duka sun ɗaga. Ban gane labarin ba sai da aka yi nisa, wai wata ce aka yi wa alkawari aka saɓa. Amma da ta tsaya ita kaɗai tana karkarwa a kan ƙafa ɗaya, sai ga ƙwalla a idona. Ba zan ce ina son bale ba. Rawar da ba ta sa ƙafar mai kallo motsi, ni a wurina da sauranta. Sai dai ban taɓa ganin aikin haɗin kai irin wannan ba, kuma na tausaya wa ƙafafunsu.

Da aka tashi, Madam Odil ta ce ma'aikatan gidan duk ƴan sandikar da ta gayyace mu ne, tun daga masu rawa har masu jan labule, suna son gaisawa da baƙi. Aka bi da mu ta wata ƙaramar ƙofa. Wadda ta sa ni ƙwalla ɗazu na same ta zaune a ƙasa, ƙafafunta cikin bokitin ƙanƙara, yatsu duk filasta, tana cin ayaba. Wakiliyarsu wata tsohuwa ce mai ɗinka kayan rawa, Madam Jozet, gajera, allurai soke a ƙirjin rigarta. Ta kama hannun babbar rigata ta juya aikin wuyan ta ciki, ta ce wannan hannu ne ba keke ba. Sannan ta dube ni ta ce, "Daga Nijar har nan, gaisuwa kawai ka kawo? Na ji ka ran Juma'a. Ba wanda ke yin tafiyar kwana uku don ya ce sannu."

Wallahi sai na ji bakina ya soma, "Da farko dai ina miƙa godiya..." Na kama kaina. Na ce, "An kori wata malama don ta ƙi sa yara cikin ajin da zai faɗo musu. Sunanta Ramatu. Takarda muke so."

Madam Odil ta yi jajir. Ta ce, "Kwana huɗu muna tare! Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Na ce, "Ba ki tambaye ni ba, Madam."

Tsohuwa Jozet ta karɓi ambulan, ta shimfiɗa hotunan bangon a kan teburin guga, masu rawa suka kewaye mu da tawul a wuya. Ashe akwai sauran hanya: in rassa biyu na sandikar suka sa hannu kafin ƙarfe tara na safiyar Litinin, ana iya shigar da buƙatar gaggawa. Reshen malamai ɗaya, na ma'aikatan gidajen wasa ɗaya. A kan wannan teburin gugar aka rubuta ta, layi bakwai. Na so a buɗe da ƴar gaisuwa, Madam Odil ta kalle ni, na fasa.

Litinin, da hanyar gida

Ƙarfe goma saura minti biyar aka karanta, aka ce masu goyon baya su ɗaga jan kati. Ban iya ƙirgawa ba, na dai ga zauren ya yi ja. Ƙarfe ɗaya aka ba ni takardar da hatimi biyu, aka kuma aika kwafinta Yamai ta intanet tun ina tsaye. Ranar na ci abinci faranti biyu, dankali da wani kifi marar yaji, ya yi mini daɗi kamar tuwon gida.

Talata na taso, Laraba na kwana Yamai, Alhamis Maraɗi. Takardar tana cikin rigata ta ciki, duk shingen da aka tsaya sai na taɓa ta. Juma'a ƙarfe goma sha ɗaya na sauka tashar Dakoro, kasuwa ta cika, raƙuma da shanu sun tare hanya. Mushe Illa ya karanta takardar a tsaye sau biyu ya ce, "Kai, Kamarad, wanga aiki sai kai. Mi ka hwaɗa musu haka?" Na ce ai abin ba a cewa komai, kuma a taron reshe ma haka na bar shi, kuka yi mini tafi na karɓa.

Bayan sati biyar aka kira Madam Ramatu aka mayar da sunanta. Ba a mai da ta Mai Yara ba, Tagiris aka tura ta, can arewa cikin makiyaya, kuma bangon nan sai da iyayen yara suka rushe shi da kansu suka kafa rumfa. Duk da haka ta koma aji. Ranar da za ta tafi ta biyo ta gidana da ƙwaryar fura, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Mushe, an ce mini ka yi magana har Turawa sunka miƙe tsaye sabili da ni. Allah shi saka ma." Na ce amin, ban iya haɗa ido da ita ba.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da ku da kuka amince da ni, da Madam Odil da har yanzu take aiko mini da saƙo ba sallama, da tsohuwa Jozet da ƴan rawarta. Na rubuta wannan ne don wanda za a aika gaba ya san jar fitila ba ado ba ce. Ke kuma Madam Ramatu, in takardar nan ta iso Tagiris, yanzu kin san abin da Turawa suka miƙe wa. Minti ukun nan naki ne, ni na cinye su da gaisuwa. Ki yafe mini.