Teburin Dattijo Mai Ƙafa Uku

Ɗan kawuna Direba ya yi shekara talatin yana jan babbar mota. Da ya ajiye sitiyari, mun zaci zai shimfiɗa tabarma ya huta kamar kowa. Ina! Sai ya sayo tsohon injin murza katako ya kafa a rumfar bayan gida. Inji ne da ake ɗaure guntun itace a jikinsa, yana juya shi da gudu, kai kuma ka kanga kurfi, wato ƙarfen sassaƙa, yana feƙewa. Ranar farko itacen ya kuɓuce ya yi sama, na rantse har yau bai sauko ba.

Wata shida yana fama. In ya nufi kwano, a samu murfi. In ya nufi ƙotar fartanya, a samu tsinken sakace. Matarsa kuwa tuni ta daina sayen itacen girki.

A gefen rumfar nan Dattijo yake kwana, jakin da ya yi jigilar yashi da ruwan da aka gina gidan. A lissafina ya girmi wutar lantarki. Bana wuyansa ya sage, ba ya iya sunkuyawa ya kai baki komin da ke ƙasa. Ga dusa, ga yunwa, sai kallo. Haƙarƙarinsa suka fito reras. Likitan dabbobi ya ce a ɗaga masa abinci daidai ƙirji, in ba haka ba da wuya ya ƙara wata guda.

Na ce, “Yaya, a jera bulo mana a ɗora komin.”

Aka jera, Dattijo ya ture shi da hanci. Direba ya harare ni. “Ka ga aikinka, sarkin shawara? Tebur zan yi masa.”

Ya murza ƙafafu huɗu, kowace da ubanta: wata mai tumbi, wata kamar ta yi jinya. Da aka haɗa, sai tebur ya kama rawa. Dattijo na kai baki, komi ya yi ƙwaram, ya ja da baya a firgice. Direba ya ɗauki zarto ya rage doguwar ƙafa, sai ta koma gajeriya. Ya rage sauran. Kafin yamma tebur ya dawo daidai idon sawu.

“Sannu da aiki, Injiniya,” in ji ni. “Ka yi wa kaji wurin taro.”

Kwana biyu matar Direba ce ke riƙe wa jakin kwano a hannu har kafaɗarta ta riƙe. Ta ce, “Maigida, ni ma wuyan nawa ya kusa sagewa, ka yi mana tebur biyu.”

Itace mai kyau guntu huɗu ya rage. Wannan karon bai yi gaggawa ba, yana aunawa da zare, yana feƙewa kaɗan-kaɗan. Uku suka fito sumul, har na rasa abin tsiya. Ta huɗu tana gab da ƙarewa kurfi ya cije, ta tsage gida biyu.

Ya zauna daɓas, gemu duk garin katako. Can sai ya ɗago.

“Kai, ƙarfen da muke tokare mota in za mu cire taya, ƙafa nawa gare shi?”

“Ni da ko keke ban iya ba?”

“Uku! Kuma ko a kan gargada ba ya motsi.”

Ya huda katakon saman wuri uku, ya kafa ƙafafun a ɗan buɗe. Ƙasan rumfar tudu da kwari ne, amma tebur ya tsaya cak. Ya sa ni na hau na yi tsalle, wai in na karye asarar ba ta da yawa.

Aka ɗora komi, aka zuba dusa. Dattijo ya matso, ya shinshina, ya tura da hanci. Tebur ko gezau. Ya sake turawa. Sannan ya sa baki.

Muka tsaya mu uku muna sauraron tauna. Bai ɗago ba sai da ya lashe ƙasan komin tas. Direba ya shafa masa wuya, ya juya ga matarsa yana gyaran murya.

“Ƙaro masa. Ciko shi taf.”