Maganin Baba Masinja a Bakinsa Yake

Shekara ashirin da bakwai Baba Masinja ya yi yana jigilar fayil a wani ofishi mai hawa huɗu da ba shi da lif. Siriri ne kamar tsinke, kuma ba ya magana. Ka gaishe shi, ya ɗaga maka fayil ya wuce. Matakala bibbiyu yake haɗawa.

A gwajin lafiyar ma'aikata ne likita ta ɗora masa abin sauraron ƙirji, ta daɗe tana ji. Aka yi hoto. Ta ce ɗaya daga ƙofofin zuciyarsa ba ta rufuwa ruf, jini kaɗan na komawa baya.

"Shi ke nan, tawa ta ƙare?" in ji shi.

"Ina fa, Baba! Abin kaɗan ne, duk shekara ka zo mu duba. Bene kuwa ka ci gaba da hawa, amma ɗaya-ɗaya. Muddin kana iya magana kana hawa, lafiya lau. In haki ya hana ka magana, ka tsaya. In ka ji jiri ko ciwon ƙirji, ka zo nan."

Da ya kai labari gida, kalmar zuciya kaɗai matarsa ta ji. Ta kai kekensa gidan ƙanwarta ta ɓoye, ta hana shi ɗaga ko bokiti, sannan ta yi wa shugabar ofishin waya tana kuka. Shugabar ta sa aka ajiye kujera a bakin ƙofa: daga wata mai kamawa, Baba zai zauna yana rubuta sunan baƙi. Ya kalli kujerar nan kamar an nuna masa makara.

Shi dai ya riƙe maganar likita gam. Washegari aka ji murya a bene. Da ƙirga matakala ya fara, ya koma gaishe-gaishe, har mai shara ya sha gaisuwa sau tara kafin rana ta take. Da gaisuwa ta ƙare masa, sai ya shiga kwance abin da idonsa ya tara shekara da shekaru: wa ke barci bayan kabad, wa ke zuwa da takalmi biyu, ɗaya na aiki ɗaya na sulalewa kasuwa.

Masu buga takardu suka bar injinansu, suka yi cincirindo a kwanar bene suna riƙe ciki.

"Baba, ashe kana da baki?"

"Matsa, yarinya, magani nake sha."

Labari ya kai wa shugabar cewa ciwon ya taɓa kan Baba. Ta kira shi ƙasa, ya maimaita mata abin da likita ta faɗa. Ta ce ita sai ta gani da idonta, su hau tare.

A hawa na ɗaya tana amsa masa da fara'a. A na biyu amsar ta koma "uhm". Baba kuwa yana ta zuba, fayil bakwai a hammata.

"Ranki ya daɗe, ya maigida? Ya yara? Babban ya gama makarantar? Ki amsa mana."

A na uku ta damƙe ƙarfen bene da hannu biyu, bakinta a buɗe, ko "a" ba ta fita.

"To, tsaya," in ji Baba. "Dokar likita ce, ba tawa ba."

Ta zube a kan matakala, ta cire takalmi, dariya na son fita numfashi ya hana. Ma'aikata sun leƙo daga sama da ƙasa.

"Baba... je ka... kai fayil ɗin."

"Na yau kaɗai, ko har na wata mai kamawa?"

"Har na baɗi. Amma kar in ji... sunana a benen nan."

Baba bai ce to ba. Ya gyara fayil, ya ci gaba da hawa, yana tambayar bango ko ya taɓa ganin shugaba mai mota ta yi haki haka.