Awar Lalla Itto

Abin da Lalla Itto ta gada daga mahaifinta a ƙauyensu na kudancin Maroko bai da yawa: 'yar gonar lalle, da awa guda ta ban ruwa daga magudanar gari, daga biyu zuwa uku na daren Asabar. Ba wanda ya taɓa yi mata hassadar wannan awa. Wa zai bar barci saboda lalle?

Tana yarinya da kwanon tagulla mai huda ake auna rabon kowa, a ɗora shi kan ruwa har ya cika ya nutse. Daga baya aka koma agogon hannu, sannan waya. Itto ba ta damu ba, tunda Si Bassu, maƙwabcin da rabonsa ke bin nata, shi ke zuwa ya juya ruwan in lokaci ya yi.

Sai gwamnati ta shiga taɓa agogo, a ja shi baya da awa guda kafin azumi, a tura shi gaba bayan Salla. Daren turawar kuwa ya faɗa kan awar Itto. Waya ta yi tsalle daga biyu zuwa uku, Bassu ya nuna mata, ya juya ruwa gonarsa. Kafin mako ya zagayo, rabin dashenta ya bushe. Ta yi kuka sosai.

Da kukan ya wuce, sai tambaya ta hana ta sakat: ina awar ta tafi? Liman ya ce shi rana yake bi. Ɗanta da ke Faransa ya ce su ma suna yi, amma ba rana ɗaya ba. Dattawa suka ce ai kafin azumi awarta sau biyu ta zo, ta riga ta sha.

“Lallen da ya sha wancan watan, yau ba ya jin ƙishi ke nan?” in ji ta.

Da shekara ta zagayo, ranar Asabar ɗin da za a tura agogo, da la'asar, ta iske Bassu a ƙofar gida yana shan shayi. Ga sabon dashenta a gona yana jiran ruwa.

“Si Bassu, yau ma wayarka za ta shanye mini ruwa?”

“Wace waya? Ta mutu tun jiya, Lalla. Ni yau ban san biyu ba, ban san uku ba. In gonarki ta ƙoshi, ki buga mini ƙofa.”

Bai rufe baki ba wani abu ya fara ƙara a aljihun jallabiyarsa. Bassu ya tsura wa kofin shayinsa ido. Itto ta ɗaga kai tana duba bishiyar dabino, har ƙarar ta gaji ta yi shiru.

Tun daga nan, duk shekara a wannan ranar wayar Bassu ke mutuwa. Itto na nan tana tambayar mutane inda awar take tafiya. Bassu ne kaɗai ba ta taɓa tambaya ba.