Ranar da yayana bai tashi wa minista ba

Shekarun baya, tun ban shiga ajin yaƙi da jahilci ba, aka aiko ƙauyenmu da ke kusa da Dogarawa cewa ministar kula da jin daɗin jama'a za ta zo Malbaza ta raba kekunan guragu, irin masu ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Aka ce yayana na cikin waɗanda za a ba.

Tun yana yaro shan inna ta shanye masa ƙafafu. Amma daga ƙugu zuwa sama ƙato ne, ga ƙirji, ga gemu, ga murya. Gyaran rediyo yake yi a bakin hanya. Ni ke kai shi da safe a kan babur ɗina na kabu-kabu, ni ke ɗauko shi da la'asar. A cikin gida yana jan jiki abinsa, amma tun da ya girma ya yanke wa kansa cewa ba zai ƙara jan jiki a gaban mutane ba. Duk ranar da ban samu kai shi ba, to bai fita ke nan.

Da safen ranar ya sa rigar aikinsa. Mahaifiyarmu ta dube shi ta ce, "Baƙuwa ta taso tun daga Yamai saboda ku, ka tarbe ta da wagga riga duk ƙunar dalma?" Ta tura ni wurin surukina na aro babbar rigar shadda da hula. Tsohon ya miƙo mini yana cewa, "Yadda ka ɗauke ta, haka nake son ganinta."

Mun isa da wuri, filin ba kowa sai rumfa da kujeru. Na ga rana za ta yi zafi, sai na ɗauke shi na zaunar a kujerar gaba, na baza rigar ta rufe ƙafafun. Akwai takarda manne a bayan kujerar. Ni a lokacin ban iya karatu ba, na zaci shaidar mai hayar kujeru ce, ashe alamar wurin manyan baƙi ce. Na tafi ajiye babur, na tsaya shan koko.

Kafin in dawo jandarmomi sun zagaye wurin da igiya. Sauran guragu an zaunar da su kan tabarmi can ƙetaren fili, kusa da kekunan. Na ce wa wani jandarma yayana ne a kujerar gaba. Ya leƙa ya ce, "Wancan Alhajin? To ai shi ya samu wuri. Kai tsaya nan."

Ina kallo manya suka cika rumfar, kowa ya zo sai ya ba shi hannu biyu. Daga baya ya faɗa mini wani attajirin Konni har ya tambaye shi ko motocinsa na ɗaukar siminti. Shi kuwa ya ce, "Motata guda ce, kuma direban ya gudu ya bar ni."

Da minista ta iso, kowa ya miƙe tsaye, sai shi kaɗai. Wani saurayi mai kwat ya rugo ya ce, "Alhaji, tashi mana!" Yayana ya ce, "Yaro, da ina iyawa da ba ka gan ni a nan ba." Kiɗa ya hana saurayin ji, ya harare shi ya wuce. Ministar ma ta ɗan dube shi kafin ta zauna.

Bayan jawabai aka fara kiran suna. Aka kira yayana, shiru. Aka sake kira. Mai lasifika ya ce in bai zo ba, akwai masu jira. Na yi ihu har muryata ta dishe, ba wanda ya juyo. Sai na ga ya dafa hannun kujera ya karkato gaba. Na san abin da zai yi. Zai sauka ya ja jiki ya ƙetare filin nan gaban dukan Malbaza. Rigar ta zame, ƙafafunsa suka bayyana suna lilo.

Ministar ce ta fara gani. Ta miƙe ta ce, "Malam, zauna. Kai ake kira?"

Ya ce, "Ni ne, ranki shi daɗe."

Ta ce, "Tun ɗazu nake tambayar kaina, wane sarki ne wannan da ya fi ƙarfin tashi?"

Ya ce, "Hajiya, ni ma na so in girmama ki. Ƙafafun ne ba su da ladabi."

Ta yi dariya, amma na ga ta goge ido da gefen gyale. Ta fita cikin rana ta kamo keken da kanta, ma'aikatanta na tuntuɓe da juna wajen karɓa. Ta ce a mai da sauran guragun cikin inuwa, kuma kowa a kai masa nasa inda yake zaune. Sannan ta tambayi wanda ya kawo shi. Jandarman nan da kansa ya ɗaga mini igiya.

Na ɗora shi kan keken, ya murza sau ɗaya, hannun rigar surukina ya shige cikin sarƙa. Mun fito da shi da baƙin mai da yagewa. Tsohon ya daɗe yana amsa gaisuwata da hanci.

Nakan ji ana ƙorafi a kan wannan ma'aikata, kuma wani ƙorafin gaskiya ne. Tayoyin keken sun cinye, ba wanda ya dawo ya tambaya, mu muka yi ta faci. An canza ministoci tun daga lokacin, ita ma ban san inda take ba. Amma ni dai na ga ranar da mai mulki ta hana ɗan'uwana sauka ƙasa, kuma ina yi mata addu'a.

Washegarin ranar rabon na fito da babur kamar kullum, yayana ya wuce ni a kan kekensa ya ce, "Direba, na sallame ka." Ajin manya a garinmu da la'asar ake yi, daidai lokacin da nake zuwa ɗauko shi. Da wannan la'asar ɗin na koyi rubutun da kuke karantawa yanzu.